Kyandir ɗin kunne: dattin da ka gani a ciki ba daga kunne ya fito ba

Wani ɗan'uwa daga unguwar Zariya, a nan Maradi, ya aiko mana da wannan:

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne, shekaruna 34. Yau kusan sati uku ke nan kunnena na dama ya toshe, ina ji kamar an cusa mini auduga, in na yi magana muryata ta riƙa dawo mini cikin kai. Bayan wani wanka abin ya fara. Ba ya ciwo, ba ya ruwa. Kullum ina sakace shi da tsinken ashana ko tsinken auduga, amma ƙara toshewa yake. Wani abokin aikinmu ya zo da wani kyandir mai rami a tsakiya, aka yi mashi a gabana, da aka tsaga guntun sai ga datti ja-ja ya kai rabin cokali. Gani ya kori ji, na sayi guda shida. Niyyata in yi wa kaina, in yi wa tsohuwata da jinta ya ragu, tana da ciwon suga, da yarona mai shekara 4 da ke yawan sosa kunne. Ku gaya mini yadda ake yin shi daidai, da minti nawa ake bari."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba Hajiya lafiya. Ba za mu koya maka yadda ake kunna wannan kyandir ba, domin babu wata hanyar kunna shi da ke fitar da datti daga kunne. Kada ka yi wa kanka, kuma don Allah kada ka kusantar da shi ga Hajiya ko yaron. Amma ba za mu bar ka da "kada" kawai ba, toshewar da ka kwatanta tana da magani mai sauƙi, kuma za mu faɗa maka shi dalla-dalla.

Mu fara da abin da idonka ya gani, tunda shi ya sa ka fitar da kuɗinka. Kyandir ɗin ƙyalle ne na auduga ko lilin da aka tsoma cikin kakin zuma ko farafin, aka naɗe shi kamar dogon mazurari, tsawonsa santimita 25 zuwa 30. Ana sa siririn bakin a kunne, a kunna wa faffaɗan wuta, ya ci minti 10 zuwa 15. Masu sayarwa suna cewa zafin da ke tashi sama yana zuƙo iska daga ƙasa, iskar ta jawo dattin. Kana da guda shida, ka sadaukar da ɗaya. Ka samu kwalba wankakkiya busasshiya, ka tsayar da kyandir ɗin a bakinta, a tsakar gida nesa da zana da kayan sawa, ka kunna, ka bari ya ci har inda na abokinka ya tsaya, ka kashe shi cikin ruwa, ka tsaga. Za ka tarar da wannan dunƙule ja-ja da gari mai ruwan ƙasa, sak irin wanda aka nuna maka. Kwalba ba ta da dattin kunne. Kakin kyandir ɗin ne da ya narke ya gangaro, ya haɗu da hayaƙi da ƙonannen ƙyalle, ya daskare. Launinsa ya yi kama da dauɗar kunne, nan ne duk ruɗin yake. Ka kira abokin naka ya tsaya a wurin, shi ma yana da haƙƙin ya gani.

Likitoci sun riga ka yin wannan gwaji. A 1996 wasu likitocin kunne a Amurka, Seely da abokan aikinsa biyu, sun auna ko kyandir ɗin yana zuƙo iska, suka tarar ba ya zuƙo komai. Suka gwada shi a kunnuwa 8, suna dubawa kafin da bayan an yi: babu kunne ɗaya da dattinsa ya ragu, wasu ma kakin kyandir aka tarar ya zuba a ciki. Suka tambayi likitocin kunne 122, aka lissafa raunuka 21 da wannan kyandir ya jawo, yawancinsu ƙuna, sai toshewar rami da kakin kyandir, har da fashewar dodon kunne. A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a su daina amfani da shi. In ka duba kwalin, wataƙila ka ga an rubuta "Hopi", sunan wata ƙabila ta ƴan asalin Amurka da ake jingina wa abin don a ce tsohuwar hikima ce. Su mutanen Hopi sun fito sun ce ba al'adarsu ba ce, sun nemi a daina sa sunansu.

Ko ba bincike ma, ka yi tunanin dauɗar kunne yadda take da danƙo, ta manne wa fata kamar ƙaro. Ƙarfin zuƙar da zai ɓamɓaro ta ya haura da ita cikin bututu, kafin ya motsa ta ya riga ya yaga dodon kunne, wanda fata ce siririya, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kuma dodon kunne mai lafiya bango ne, ya rufe ramin ruf. Duk wanda ya ce maka kyandir yana jawo majina daga hanci ko yana wanke ƙwaƙwalwa, hanyar da zai bi ɗin babu ita.

Abin da ke gangarowa ƙasa shi ne matsalar. Kakin zuma yana narkewa ne a zafin digiri 62 zuwa 64, jikin mutum kuwa 37 ne. Mutum yana kwance a gefe, bututu a tsaye bisa ramin kunnensa, duk ɗigon da ya kuɓuce ta ciki inda zai sauka shi ne fatar ramin ko kan dodon kunne kai tsaye. Ya ƙona, sannan ya daskare a wurin. Cire shi sai likita da kayan aiki, wani lokaci sai an sa wa mutum maganin barci. Faranti ko kwalin da ake hudawa a sa a tsakiya yana tare abin da ke zuba ta waje ne kawai, ba ya tare na ciki. Ga toka mai zafi da ke faɗa wa fuska, ga gashi, ga kallabi da mayafi da katifar soso da ba sa jiran wuta ta yi musu sallama biyu. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

To me ya toshe maka kunne? Ramin kunnen babba tsawonsa kamar santimita 2 da rabi ne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ƴar lanƙwasa. Kashi ɗaya cikin uku na waje, inda gashi yake, nan ne kawai ake yin dauɗar. Ba ƙazanta ba ce: maiƙo ne da jiki ke fitarwa, yana kama ƙura, yana hana fatar bushewa, yana da ɗan tsami da ke hana ƙwayoyin cuta zama. Fatar ramin kuma tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, kusan saurin tsirowar farce, tana ɗauke da dauɗar, taunar abinci da magana suna taimaka mata. Kunnen da aka ƙyale, shi ke share kansa.

Tsinken auduga yana yin akasin wannan tafiya. Abin da kake gani a kansa ɗan shafe ne, sauran ka danna shi ciki, zuwa sashen da fata ce kawai a kan ƙashi, inda ba a yin dauɗa kuma ba ta da saurin fita. Kullum kana ƙara dannawa kamar mai cusa kaya a buhu, ga ƙurar hanya da aikinka ke sa ka sha tun safe, musamman da hunturu, in kuma kana sa abin jin waya a kunne shi ma turawa yake. Sai ya rage ƴar ƙofa da sauti ke bi. Ranar da ruwan wanka ya shiga, dunƙulen ya sha ya kumbura, ƙofar ta rufe. Abin da ya sa ka ji kamar farat ɗaya abin ya faru ke nan, alhali ya daɗe yana taruwa. Tsinken ashana ya fi muni, yana karce fatar, karcen ya kawo ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya sa ka ƙara sosawa. Gashin kaza, makullin babur, murfin bik, duk jirgi ɗaya ne. Daga yau ka ajiye su. Yatsa da tawul a bakin kunne bayan wanka, ko shafar da kake yi a alwala, ta isa.

Kafin ka ɗiga komai, yi wannan ɗan gwajin. Rufe baki ka yi "mmm" da ɗan ƙarfi. In ka ji sautin ya fi yawa a kunnen da ya toshe, alama ce wani abu ne ya tare hanya, kamar dauɗa, kuma yadda ka ce muryarka na dawo maka cikin kai ya yi daidai da haka. In kuwa sautin ya koma kunnen mai lafiya, wataƙila jijiyar ji ce ta samu matsala, kuma wannan ba ta jira: maganinta ya fi aiki cikin sati biyun farko, kai ga shi ka kai uku. In haka ne ka tafi asibiti yau, ba gobe ba. Haka nan kada ka ɗiga komai in kunnen ya taɓa zubar da mugunya ko jini, in an taɓa ce maka dodonsa ya fashe, in an taɓa yi maka aiki a cikinsa, in yana ciwo, ko kana jin jiri. Duk waɗannan sai an haska an gani.

In ba ka da ko ɗaya, aikin farko shi ne tausasa dunƙulen. Ka samu man zaitun mai tsabta, sabuwar kwalba, da ɗan abin ɗigawa daga farmasi. Man farafin na farmasi shi ma yana yi, amma ka lura, ba kananzir muke nufi ba, kananzir ƙona fatar kunne yake. Man gyaɗa da aka auno a kasuwa cikin buɗaɗɗen mazubi, ko wanda aka riga aka yi suya da shi, a bar shi a kicin. Ka riƙe kwalbar cikin tafin hannu na ƴan mintuna ta ɗauki ɗumin jiki. Kada ka ɗora mai a wuta ko ka zuba shi a cokali bisa garwashi, kunne ba ya gaya maka mai ya yi zafi sai ya riga ya ƙone. Ka kwanta kunnen dama na sama, wani ya kama saman kunnen ya ja shi sama da baya kaɗan don lanƙwasar ramin ta miƙe, ya ɗiga ɗigo 2 ko 3. Ka danna ɗan naman nan da ke gaban ramin sau biyar ko shida don man ya gangara, ka zauna a kwance minti 5 zuwa 10. Da ka tashi ka goge abin da ya fito. Kada ka toshe da auduga, shanye man take yi ta bar dunƙulen a bushe. Sau 2 ko 3 a rana, kwana 5 zuwa 7.

Mu gaya maka tun yanzu, a kwana biyun farko jin zai iya ƙara raguwa, domin man ya cike ƴar ƙofar da ta rage. Nan ne mutane da yawa ke karaya su koma ga tsinke, su ɓata aikin. Ka daure. Sau da yawa cikin sati biyu dauɗar kan fito da kanta gutsi-gutsi, ka gan ta a kan matashi da safe.

A farmasi akwai magungunan ɗigawa na narkar da dauɗa, akwai kuma ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, wanda aka rubuta wa eau oxygénée. In shi za ka yi amfani da shi, ka duba a rubuce 10 volumes, wato kashi 3 cikin ɗari, ka gauraya shi da tafasasshen ruwan da ya huce rabi da rabi, ɗigo 3 zuwa 5, kuma kada ya wuce kwana 3 ko 4 don yana busar da fata. Za ka ji yana tafasa a ciki, wannan ba komai. Na 20 da na 30 volumes na rina gashi ne, ba sa shiga kunne. Ruwan albasa, tafarnuwa, turare, toka, maganin ɗigon ido da ya rage a gida, babu wanda ke narkar da dauɗa, wasu kuma in dodon kunne na da huda suna iya taɓa jin gaba ɗaya.

In sati ya cika bai buɗe ba, saura wanki. Mun fi so ma'aikacin lafiya ya yi maka, domin shi zai fara haskawa da ƴar fitilar duba kunne, otoskop, ya tabbatar dauɗa ce, ya sake dubawa bayan ta fita. Abin minti goma ne a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, in suna da kayan, kuma da yake ka riga ka tausasa ta da mai, ba za ta yi gardama ba. Amma mun san akwai masu yi a gida, to ga yadda ba za ka cuci kanka ba. Ka sayi ƴar robar nan mai kamar ƙwai da ake matsawa, ko sirinji na mililita 20, ka cire allurar ka jefar. Ka tafasa ruwa ka bari ya huce har ya zama in ka ɗiga a cikin wuyan hannunka ba ka jin zafi ba ka jin sanyi. Wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. A can cikin kunne akwai sashen da ke riƙe daidaiton jiki, ruwan randa mai sanyi ko ruwan butar da ta sha rana suna motsa shi, nan take ɗaki ya fara juya maka har da amai. Ka zauna a kujera, kada ka tsaya, kwano a ƙarƙashin kunne, kai a ɗan karkace wajen kwanon. A ja kunnen sama da baya. Bakin sirinjin ya tsaya a ƙofar ramin, kada ya shige fiye da rabin santimita, kada kuma ya toshe ƙofar, dole ruwan ya samu hanyar dawowa, in ba haka ba ƙarfinsa a kan dodon kunne zai ƙare. A nufi rufin ramin, ba tsakiya ba, don ruwan ya bi ta saman dunƙulen ya turo shi daga baya. A matsa a hankali. Sau biyar ko shida ya isa zama ɗaya. Da ka ji zafi mai tsini, ko jiri, ko ka ga jini, ko ka ji ruwan ya sauko maƙogwaro, a tsaya nan take, wannan na ƙarshen yana nufin akwai huda. Bayan an gama ka karkata kai ruwan ya tsiyaye, ka goge waje da tawul, domin kunnen da aka bari a jiƙe a zafin garin nan yana saurin kama ciwo. In ka yi zama biyu bai fita ba, kada ka yi na uku. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL, yana da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da injin zuƙa, yana gani da idonsa yana cirewa.

Maganar Hajiya daban take, kuma ita ta fi damun mu a wasiƙarka. Gaskiya ne tsofaffi sun fi kowa tara dauɗa, fiye da ɗaya cikin uku na fama da ita, don tana bushewa da shekaru kuma tafiyar fatar tana raguwa. Zai yiwu cire ta ya dawo mata da wani abu na jinta. Amma mai ciwon suga ba a yi masa wankin kunne a gida, balle a kai wuta kusa. Ƙaramin karce ko ƙuna a ramin kunnenta zai iya zama ƙofar wata ƙwayar cuta, Pseudomonas, da ke cin fata ta shiga ƙashin da ke kewaye da kunne. Ciwo ne da ke ɗaukar makonni ana allura, kuma yana kisa in an makara. Alamarsa zafi mai tsanani da ke hana barci da dare, ruwa na fita, wani lokaci gefen fuska ya saki. Ka kai ta a haska kunnen, ka gaya musu tana da suga tun kafin su taɓa ta, ka faɗi duk magungunan da take sha, musamman in akwai na tsinka jini kamar asfirin. In CSI ba su da kayan, su ba ku takarda zuwa CHR, wato babban asibitin jiha, ko asibitin Referans wurin ORL. In kuma an duba ba dauɗa, ka nemi a auna jinta. Raguwar ji ta tsufa tana zuwa a hankali a kunnuwa biyu, mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman cikin taron biki ko kasuwa. Wannan na'urar ƙara ji ke taimaka masa. Ka tuna kuma ko ta taɓa yin sanƙarau, ko an yi mata allurar jentamisin da yawa, ko jin ya ragu bayan shan kinin, duk likita zai so ya sani.

Yaro mai shekara 4 da ke sosa kunne, dauɗa ce ta ƙarshe da za mu zarga. Ramin kunnensa ya fi naka gajarta da ƙunci, kuma ba zai kwanta shiru minti 15 wuta na ci a gefen kansa ba. Sosawar na iya zama ciwon cikin kunne da ke biyo bayan mura, ko ƙaiƙayin fata, ko wani abu da ya cusa: ƙwayar wake, masara, dutsen ado, guntun soso. Shi ya sa ba a zuba wa yaro ruwa ko mai kafin a haska. Wake in ya sha ruwa kumbura yake ya cika ramin, abin da za a cire cikin minti ɗaya ya koma sai da maganin barci. In ƙaramin batirin agogo ko na abin wasa ne, wannan gaggawa ce ta awoyi, danshi na sa shi ya ci nama, kada ko ɗigo ɗaya ya shiga. Ka duba matashinsa da safe ko akwai tabon ruwa, ka sansana kunnen ko yana wari, ka kira sunansa a hankali daga bayansa ka ga ko zai juyo. Abin da ka gani ka gaya wa ma'aikacin lafiya. Ka ce wa mahaifiyarsa ita ma ta daina sa masa tsinken auduga bayan wanka, gefen zane a kan yatsa ya wadatar.

Abokinka da aka riga aka yi wa, ka tambaye shi. In tun ranar yana jin zafi, ko kunnen ya ƙara nauyi, ko yana jin ƙara kamar shuu, ko wani ruwa na fita, ya je a haska, kada ya ɗiga mai kada ya wanke, domin mai ba ya narkar da kakin kyandir da ya daskare, ruwa kuma in akwai huda ciki zai wuce ya kawo mugunya. Ƙaramar hudar dodon kunne takan haɗe da kanta cikin sati 6 zuwa 8 in an kiyaye ta daga ruwa: lokacin wanka ya shafa wa ƴar auduga bazilin ya toshe ƙofar kunnen, ya cire da ya gama. In kuma ka tarar da wani ana cikin yi masa ya ƙone a fatar kunne ko fuska, a zuba ruwa mai sanyi a wurin minti 20, kansa a karkace yadda ruwan ba zai shiga ramin ba, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti.